Mutumin da Ya Ƙi Makin Tausayi

Tun da aka kafa makarantar boko a ƙasar Kazaure, ba a ƙera makamin da ya zubar da hawayen bayin Allah kamar jan biro ba. Takobi sai an tashi yaƙi ake zare shi, bulala kuwa zafinta na yini ɗaya ne. Amma jan biro har gida yake bin yaro, uwa ta gani, uba ya gani, maƙwabta su leƙo. A cikin duk waɗanda suka riƙe wannan makami daga Babura zuwa Gwiwa, ban san wanda ya riƙe shi da tsoron gaskiya kamar yayan mahaifiyata ba, wanda muka binne makonni uku da suka wuce a ƙauyenmu da ke bayan Roni.

Na ce tsoron gaskiya, ban ce tsoron Allah ba, domin shekara arba'in da ɗoriya Kawu yana cewa babu Shi.

Zaman makokinsa ya ba mutane wahala. Mu jikokin Maguzawa ne, kuma gidanmu ya rabu uku tun kafin a haife ni. Mahaifiyata ta musulunta da za ta yi aure, ƙanin Kawu ya musulunta har ya sauke farali, shi muke kira Alhaji. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, Kirista ce tun tana budurwa. Akwai kuma tsofaffi biyu ko uku da ba su bar hanyar kakanni ba. Saboda haka duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ɗan tsaya a bakin zaure yana auna addu'ar da ba za ta taka ƙafar kowa ba. Yawanci sai su tsaya a kan "Ya haƙuri?" su nemi gefen tabarma.

Da zama ya yi zama, sai bakuna suka buɗe a kan shigarsa majami'a a ƙarshen rayuwarsa.

Alhaji ya ce, "Yaya dai tsufa ne ya kama shi. Mutum in ya ji jikinsa ya fara sallama, kowace ƙofa ya gani a buɗe sai ya faɗa."

Wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu yake acaɓa a Roni, ya ce, "Ni dai na ce Inna ce ta gajiyar da shi. Malam da ya ce mana tsawa ba fushin kowa ba ce, cajin lantarki ne? A'a. Don a zauna lafiya a gida ya yi."

Matan majami'a kuwa suna can cikin gida suna ba da labarinsa kamar masuntan da suka kama ƙaton kifi, kowacce tana nuna inda ta riƙe koma. Wata tsohuwa daga cikin masu bin hanyar kakanni ta tofar da goro ta ce, "Dutsen ne ya kira shi."

Ni Musulmi ne, kuma hanyar da Kawu ya bi a ƙarshe ba tawa ba ce. Ya sani, na sani, mun yi gardamarmu mun sha kunu a kai. Amma ba zan zauna ina ji a mayar da shi matsoraci ko mai neman zaman lafiyar tuwo ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Duk abin da za a ce game da inda ya dosa, sai an fara yarda cewa da ƙafarsa ya je, idonsa biyu.

Bari in fara da dutsen da tsohuwar ta ambata. Kakanmu, mahaifin Kawu, shi ne mai kula da tsafin gidanmu: wani baƙin dutse a gindin tsamiya, inda ake yanka kaza kafin shuka. Da Kawu ya dawo daga kwalejin horon malamai, kansa cike da ilimin kimiyya, sai ya tara ƙannensa da rana tsaka, ya cicciɓi dutsen, ya kai shi tafkin da ke bayan gari ya jefa. Ya ce musu su zuba ido su ga ko sama za ta faɗo. Sama ba ta faɗo ba. Damina ma ta yi kyau a shekarar, abin da ya ƙara masa ƙarfin baki.

Kaka bai zage shi ba, bai yi masa baki ba. Abu ɗaya ya yi. A gidanmu uba da babban ɗansa akushi ɗaya suke ci. Daga ranar Kaka ya sa aka raba musu kwano.

Shekaru suka wuce a haka. Kawu yana koyarwa a Babura aka aiko masa cewa tsohon yana kwance, yana kiran sa. Lokacin jarrabawa ne, takardun aji biyu suna jibge a gabansa. Ya ce wa ɗan aiken zai zo ranar Juma'a in ya gama maki. Kaka ya rasu ranar Laraba. Kawu bai taɓa ba ni wannan labari ba. Mahaifiyata ce ta faɗa mini, ita ma sau ɗaya.

Malamin da na sani mutum ne dogo, mai tsabta, aljihun rigarsa kullum da biro biyu, baƙi da ja. Bai taɓa ƙara wa ɗalibi rabin maki don ya haye ba. In wani malami ya zo roƙo, ya ce, "Malam, yaron nan maraya ne, saura ɗaya kacal," sai Kawu ya ce, "Wannan makin tausayi ne. In na ba shi, na yi masa ƙarya, shi kuma zai je ya yi wa duniya." Sannan da yamma a gan shi zaune da yaron a ƙarƙashin darbejiya yana maimaita masa darasin tun daga fari, har tsawon zango guda. Bayan ya yi ritaya ma bai ajiye jan biro ba. Yana gyara jarida, yana gyara takardar magani, ya taɓa gyara katin ɗaurin aurena ya maido mini. A shagon ƙauyenmu shuɗi kawai ake sayarwa, saboda haka ni da nake koyarwa a Kazaure, ni ne mai kawo masa ja.

Game da Allah kuwa, ba ya tsokanar kowa, amma in an tambaye shi ba ya ɓoyewa. Yakan ce, "Na duba takardar, ban ga sunan mai ita ba." Inna ta yi shekara talatin da wani abu tana tafiya sujada ita kaɗai. Ran Lahadi yakan ɗauko mata mayafi ya ce, "Ki gaishe su." Ita kuma ta ce, "Su ma suna gaishe ka, Malam," tun kafin ta je.

Wanda ya canja lissafin ba wani gawurtaccen mai wa'azi ba ne. Mai bisharar ƙauyenmu ne, tsoho mai ilimin aji huɗu, abokin darar Kawu na shekara ashirin. Da idanunsa suka mutu, dara ba ta gagare shi ba, don da yatsa yake laluben gurabe, amma karatun da zai yi wa'azi a kai ya gagare shi. Matasan da suka iya karatu duk sun tafi birni ci-rani. Wata Asabar da hantsi Kawu ya same shi zaune da littafi a cinya, a juye.

"Miƙo nan," in ji Kawu. "Amma ka sani, karantawa zan yi, ba yarda ba."

"Ai ni ma ido na rasa, Malam, ba yarda ba."

Shekara shida suna haka. Kawu ya karanta, ya tsaya, ya yi gardama. Mai bishara bai taɓa cin gardama ko ɗaya ba. Amsarsa mafi yawa ita ce, "Wannan kam ban sani ba, ci gaba." Sai Kawu ya fara zargin cewa ran Lahadi tsohon ba ya isar da abin da aka karanta masa daidai. Ya ɗauki kujera 'yar tsugunne ya dasa a wajen tagar majami'a, da littafin rubutu a gwiwa. Da baƙin biro yake rubuta abin da aka faɗa, da ja yake rubuta inda bai yarda ba, a ƙasa ya sa maki bisa goma. In an tashi, mai bishara ya dogaro sanda ya zo taga.

"Malam, nawa na ci yau?"

"Huɗu."

"Madalla, ana ci gaba. Makon jiya uku ne."

Abin da ya faru bayan nan, mai bisharar ne ya ba ni labarinsa a ranar makoki ta biyu. Ya ce wata Asabar suna tsakiyar karatu sai ya ji shiru. Ya ɗauka tari ne ya kama Kawu. Can sai ya ji ya ce, "In mutum ya yi wa wani laifi, wanda aka yi wa ya mutu, ina ake kai maganar?"

"A naka lissafin ina ake kai ta?"

"A nawa lissafin babu inda ake kai ta. Shi ya sa take nan inda take, shekara arba'in."

"To ni ban iya gardama ba, Malam, kai shaida ne. Abin da na sani, Almasihu irin wannan kayan yake karɓa. A kawo masa, shi ya ɗauka."

"Haka kawai? Ba tare da mutum ya ci jarrabawar ba?"

"Haka kawai."

"Wannan ai makin tausayi ne!"

"Sunansa ke nan a makarantarku? Mu alheri muke ce masa."

Kawu ya rufe littafi ya tashi a fusace. Mako biyu bai zo dara ba. Inna ta ce a kwanakin nan ko abincin kirki bai ci ba. Sai ya zauna yana kallon kwano. A mako na uku ya ɗauki kujerarsa, ya wuce taga, ya shiga ta ƙofa, ya ajiye ta a can baya. Matan da ke waƙa sai da suka rasa baiti.

Masu cewa tsoro ne ya kora shi, su saurari wannan. A lokacin lafiyarsa ƙalau, yana tuƙa kekensa har kasuwar Roni. Kuma mai gudun mutuwa sauri yake yi. Kawu shekara huɗu ya yi a bakin ƙofa.

A majami'ar ƙauyenmu ba a yi wa mutum baftisma sai ya zauna aji, sannan dattawa su yi masa tambayoyi baki da baki. Kuma nitsarwa ake yi a tafkin bayan gari, wanda ba ya riƙe ruwa sai daga damina zuwa bayan girbi. Wanda ya faɗi, sai baɗi. Kawu ya zauna a benci ɗaya da 'yan mata masu shekara goma sha biyar, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Ranar tambayoyi, shugaban dattawan wani manomi ne da Kawu ya taɓa sa shi maimaita aji biyar har sau biyu. Duk tambayoyin farko ya amsa su tsaf. Da aka zo kan tashin matattu, sai ya ce, "Wannan ban kai can ba tukuna. Na san abin da ƙasa take yi wa ƙashi."

Dattijon ya share gumi. "Malam, don Allah ka ce ka gaskata kawai, mu wuce. Ai duk mun ga zuciyarka."

"Kai, na taɓa ce maka ka rubuta amsar da ba ka sani ba?"

"A'a, Malam. Cewa ka yi in bar wurin fili."

"To, na bar wurin fili."

Ya faɗi. Shekara ta biyu ya sake faɗuwa a kan tambayar nan. Shekara ta uku dattawan suka haɗa baki za su tsallake ta, su yi kamar sun manta. Da suka ce an gama, Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya ya ce, "Akwai saura." Na tambaye shi a lokacin, na ce, "Kawu, kai da ka ce ka karɓi makin tausayi, me ya sa kake ƙin nasu?" Ya ce, "Malam ƙarami, wanda ya ba ni nasa ya ga takardata duka kafin ya ba ni. Waɗannan so suke su rufe ido. Ba ɗaya ba ne."

A cikin shekarun nan ne suka ɓata da Alhaji. Ya zo har gida ya ce, "Yaya, shekara nawa ina kiran ka kana cewa babu kowa a sama. Yanzu da ka yarda akwai, sai ka wuce ƙofata?" Kawu ya ce, "Na san ƙofarka a buɗe take, kuma na gode. Amma inda aka karɓi kayana, can zan tsaya." Alhaji ya kaɗe riga ya fita. Su biyun sun saba cin abincin rana tare tun bayan rasuwar Kaka. Washegari Alhaji bai zo ba.

Kawu bai aika kowa biko ba. Ya sa Inna ta zuba tuwo a akushi, ya ɗauka da kansa, ya ratsa gari, ya zauna a zauren Alhaji, ya buɗe, ya jira. Alhaji bai fito ba. Tuwo ya huce, ya rufe ya koma. Gobe ya dawo. Kwana goma sha ɗaya yana wannan sintiri, har yara suka san lokacinsa. A rana ta goma sha biyu Alhaji ya fito ya ce, "Yaya, wai ba ka da zuciya ne?" Kawu ya ce, "An taɓa raba mini kwano na ƙyale. Ba zan maimaita ajin nan ba. Wanke hannu." Alhaji ya wanke hannu. Ba su daidaita a kan addini ba har ƙarshe, amma akushin bai sake rabuwa ba.

Shekara ta huɗu ce ciwo ya zo. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa gardama. Na kai shi asibiti a Kazaure, likita ya yi mana bayani a hankali, Kawu ya ce masa, "Ɗana, faɗi amsar kai tsaye, na iya lissafi." Damina kuma ba ta yi auki ba, tafki yana ja da baya kullum. Dattawa suka ce a ɗauke shi a mota a kai shi inda ruwa yake da yawa. Ya ce sam, wannan tafkin ko babu. Kowace safiya sai ya sa a kafa kara a bakin ruwa, washegari ya aika a auno masa tazarar da ruwan ya bari. Yana fafatawa da abu biyu, ruwa da numfashi, kuma ya ƙi ya sayi lokaci da kalmar da bai yarda da ita ba. Inna ta yi kuka ta ce, "Malam, kalma ɗaya ce fa." Ya ce, "Shi ya sa."

Ranar da ya aika a kira dattawa, ina wurin. A tsakar gida aka yi, da hantsi, yana jingine da bango. Shugabansu ya yi tambayar tashin matattu. Na ɗauka za a sake barin wurin fili. Sai Kawu ya ce, "Yadda za a yi, har yanzu ban sani ba, kuma kada wanda ya ce na ce na sani. Amma na kai wa Almasihu maganar babana, abin da na tabbata ba mai iya ɗauka, ya ɗauka. Na gwada shi a inda zan iya gwadawa, bai yi mini ƙarya ba. A kan wannan da ba zan iya gwadawa ba, na yarda da shi. Na gaskata."

Dattijon ya juya ya dubi 'yan'uwansa, ya ce, "To, Malam ya ci." Mai bishara daga gefe ya ce, "Nawa bisa goma?" Kawu ya ce, "Biyar. Amma an ce a wuce."

Ruwan da ya rage a tafki iyakar gwiwa ne, Kawu kuwa dogo. Dole aka zaunar da shi cikin taɓo kafin a iya nitsar da shi. A ɗaya gefen wani Bafulatani yana shayar da shanunsa, ya tsaya ya dogara sanda yana kallo, ya ce, "Baba, in wanka ne ai da ka zo da wuri, yanzu duk mun dama shi." Kawu ya ce, "Na zo da wuri, ɗan'uwa, layi ne ya yi tsawo." Kafin a kwantar da shi na ga ya zura hannu cikin taɓon yana lalube. Bai sami komai ba. Shekaru sun binne abin da ya jefa. Ya bar hannun a can har aka ɗago shi. Alhaji bai matso kusa ba, yana can kan tudu, ya juya rabin baya. Amma da aka fito da yayansa yana rawar sanyi, shi ne ya sauko da bargo ya naɗe shi, yana faɗa, "Dubi yadda suka jiƙa mutum mara lafiya."

Wata biyar ya yi bayan nan. Ran Lahadi akan ɗauke shi a kujera a kai shi, littafin rubutunsa a gwiwa.

Wannan littafin na ɗauko a rana ta uku ta makoki, da na gaji da jin tsufa ne, Inna ce, dutse ne. Na tsaya a tsakiyar zaure na buɗe shi. Na nuna musu shafukan shekarun baya, ja ko'ina kamar an yanka kaza a kai. Sannan na buɗe daga makon baftisma zuwa Lahadinsa ta ƙarshe: baƙin rubutu tsaf, layi bayan layi, babu ɗigon ja ko ɗaya, babu maki. Na ce, "Ga mutumin da bai taɓa ƙyale kuskure ya wuce ba, ko a katin aure. Ku duba da idonku. Wata biyar bai sami abin gyarawa ba. Wanda tsoro ya kora ba ya samun irin wannan natsuwa. Gardamarsa ta ƙare, ya ajiye makaminsa da hannunsa." Na yi magana mai tsawo, kuma ba yabon kai ba, ta yi kyau. Ɗan acaɓan ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ja hula ya rufe fuska. Mai bishara ne kawai na ga yana murmushi, na ɗauka daɗin jawabin ne.

Da mutane suka ragu, Inna ta fito tattara kofuna. Ta karɓi littafin daga hannuna, ta goge bayansa da gefen zane.

Ta ce, "Ka yi magana mai daɗi, Allah ya yi maka albarka. Yarda kam ya yarda, wannan ni shaida ce. Amma jan biron ƙarewa ya yi. Sau uku yana cewa ka taho masa da wani daga Kazaure, kana mantawa."